Wa Ya Tsinci Faratan Manzo?

Kawu Manzo manomin shinkafa ne a Garou, amma da kokawa aka san shi. Da an gama girbi sai ya tare a bakin kogi, yana ɗaga buhunan yashi, yana cusa yatsu cikin jiƙaƙƙen rairayi don kamunsa ya yi ƙarfi.

Shekarar da zai kara da zakaran Guéné, faratansa suka soma tsagewa, babban yatsa har da jini. Hannu mai ciwo kuwa ba ya riƙe ƙugun ƙato. Manzo ya shiga nazari. Tun yana yaro ya san farce binne shi ake yi, kada maƙiyi ya tsinta ya haɗa sammu. To wa ke taɓa nasa? Na-Allah ne, mai yankan farce a kasuwar Malanville, amininsa tun ƙuruciya. Matar Na-Allah kuma 'yar Guéné ce.

Ran kasuwa ya tsare shi gaban jama'a.

"Na-Allah, akaifata da kake yankewa, ina kake kai ta?"

"Miya nake kaɗawa da ita," in ji Na-Allah yana dariya.

Ba wanda ya taya shi. Kafin Juma'a ta zagayo masu miƙa masa hannu sun watse.

Manzo ya janye daga karawar, ya bar zuwa kogi, sai shan rubutu da barci. Faratan suka fito sumul.

"Kin gani, Yaya?" ya ce wa yayarsa Hawa. "Ina rabuwa da shi na warke."

"Da yashi ka rabu, ƙaton banza. Hannu kullum cikin ruwa ba hutu, ƙarfe ne?"

Bai yarda ba. Da kaka ta dawo ya koma kogi, shi ke yanke abinsa, shi ke binnewa bayan rumbu, har da ɗora dutse. Faratan suka sake tsagewa. Ya tone ramin, ya tarar ba abin da aka taɓa.

Ya hau keke sai kasuwa. Mai albasa ya samu a mazaunin Na-Allah, aka ce ai ya ƙetare gada ya koma Gaya. Can Manzo ya iske shi gindin wata bishiyar bedi. Ya durƙusa, ya miƙa masa hannu.

Na-Allah ya yanke faratan tsaf, bai ɗago kai ba. Ya tattara guntayen, ya zuba a tafin Manzo, ya dunƙule masa yatsu.

"Riƙe kayanka, malam," ya ce, ya yafito na bayansa.