Jan Kati a Durƙushe

Ban taɓa mantawa da ranar da aka ba ni busa wasan ƙwallon dattawa ba, tsakanin 'yan kasuwar Fagge da na Sabon Gari. Lokacin ina alƙalin wasa mai mataki na biyu, an kuma turo wani babba daga ƙungiyarmu ya zauna da biro yana auna ni. Rahotonsa ne zai sa a ɗaga ni ko a bar ni inda nake.

Sai da aka jeru na hango surukina, Alhaji Bukar, cikin masu tsaron bayan Fagge, da gajeren wando. Mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba!

Saura minti goma a tashi, Mista Obinna, kyaftin ɗin Sabon Gari, ya buga ƙwallo za ta shiga raga. Alhaji, da ba gola ba, ya sa hannu biyu ya cafke ta, ya rungume kamar kankana. A doka, wannan fenariti ne da kora.

Obinna ya matso. "Alƙali, mun san surukinka ne. Muna kallo."

Na hura usur. Na isa gaban Alhaji, ƙafafuna da kansu suka lanƙwashe. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na miƙa jan kati da hannu biyu.

"Baba, a yi haƙuri, a ɗan huta a waje."

"Sani! Ni da na ba ka Hadiza?"

"Allah ya ƙara girma, Baba. Waje ne dai."

Ya fita da ƙwallon a hammata, sai da aka bi shi da ban baki.

Na samu matakin, kodayake an rage mini maki, wai a tsaye ake ɗaga kati. Alhaji kuwa wata biyu bai amsa gaisuwata ba, abin ya dame ni ƙwarai. Rannan rigimar kwatar ruwa ta haɗa shi da maƙwabcinsa a unguwar Kwaciri, ya ce, "A kira mini mara kunyar nan, shi ba ya duba fuska."

A nan na gane aikinmu: wanda ya fi kowa zaginka a fili, shi zai fara nemanka ranar da yake son gaskiya. Na je na duba kwatar. Nan ma Alhaji ne ba shi da gaskiya, na sake durƙusawa.