Shekara Takwas A Bayan Tirela

A cikin wanga wata da muke ciki ƙanena Malami ya cika shekara takwas cif da rasuwa. Ɗan kabu-kabu ne, ɗan unguwar Minanata a Sakkwato, kuma ni ce yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye shi har zanena ya koɗe. Ban yi boko mai nisa ba, ba ni kuma da yawan fita, duniyata daga madafa ce zuwa zaure. Amma Allah ya ba ni kunne, ya kuma ba ni riƙo. Masu cewa in manta, ku yi haƙuri, bana ma ba mantawa na zo yi ba.

Duk wanda ya taɓa hawa babur ɗin Malami ya san aibinsa guda: tsayawa. In ya ga akuya ta harɗe da igiya sai ya tsaya. In buhun geron wani ya zame daga amalanke sai ya tsaya. Fasinja na bayansa yana tsaki, shi yana can yana kama wa mutane kaya. Na sha yi mashi faɗa, in ce, "Kai, wanga hali naka zai hana ka arziki." Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai don a tsaya anka yi ma babur birki." Ashe ba arziki kaɗai halin zai hana shi ba.

Wata ranar Talata bayan La'asar, wata tsohuwa mai hura da nono, daga can wajen Wamakko, ta zo ƙetare titi da ƙwarya a kanta. Akwai wani kantin magani a bakin titin da ke da kyamara a saman ƙofa, ita ta ɗauki abin da ya faru. Daga baya bidiyon ya bi wayoyin mutane, har ya iso tawa. Ga abin da ke ciki. Tsohuwa ta sa ƙafa a kwalta. Wata farar mota ta taho a guje, Malami na biye da ita can baya a kan babur, a hankali. Sai wata doguwar tirela ta gitta ta gaban kyamara, ta kare komai. Ba ta fi numfashi uku ba ta wuce. Da ta wuce, ga tsohuwa kwance, ga ƙwarya a fashe, ga farar mota ta yi gaba, ga Malami ya jingine babur yana durƙushe a kan tsohuwar.

Kyamara ba ta ga bugun ba. Amma akwai wanda ya gani, don shagonsa na ɗaya ɓangaren titi, inda tirela ba ta kare ba. Wani Alhaji ne mai sayar da yadi, maƙwabcinmu, gida huɗu tsakaninmu da shi. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Shi ya taso daga kan bencinsa yana ihu, "Ɗan kabu-kabun nan ne! A kan idona ya kaɗe ta!" Wa zai ƙaryata dattijo mai farin gemu da carbi a hannu? Jama'a sunka rufe Malami da duka, da itace, da dutse, da abin da hannu ya samu. Tsohuwa ta cika a hanyar asibiti, Allah ya jiƙanta, ba ta ce uffan ba. Malami ya kwana goma sha ɗaya yana aman jini. Abin da ya yi ta maimaitawa ke nan: "Yaya, wallahi ɗaga ta na tsaya yi." A rana ta goma sha biyu anka kai shi makwancinsa, kuma a bakin mutane ya tafi da sunan wanda ya kashe mai hura.

To ni ina cikin gida, amma kunnena na waje. Na san ƙarar kowace mota ta layinmu. Ɗan Alhajin nan yana da farar mota mai wani tari in an tashe ta, kullum da hantsi sai na ji ta. Tun daga waccan Talata ban sake jin tarinta ba. Anka ce wai an kai ta gyara wani gari. Shekara takwas ana gyara! Na faɗa ma maigidana, ya ce in rufa ma kaina asiri, farar mota ta cika Sakkwato, kuma kunne ba shaida ba ne.

Bidiyon nan na kalle shi har ban san iyaka ba. Abin da ya hana ni sakat, abu ne da kowace matar gida ta sani. In kazata ta bi ta bayan rumbu, ban ganinta, amma na san lokacin da za ta ɓullo ta ɗaya gefen, don na ga irin tafiyar da ta shiga da ita. In ta makara, na san ta tsaya tsattsage wani abu. Abin da ya ɓuya bai daina tafiya ba. Farar motar nan ta shiga bayan tirela awa kibiya, amma ta fito a makare, kuma a karkace. Mi ya tsai da ita? Duk wanda na nuna ma sai ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Wa zai saurari lissafin kaza?

Malami ya bar ɗiya guda, Asma'u, tana da shekara goma sha biyar sa'ad da ya rasu. A hannuna ta ƙarasa girma. Ta ji gorin da yara ba su iya ɓoyewa, ta kuma ji wanda manya ke yi da ido. Har akwai gidan da sunka zo neman aurenta, da sunka bincika asali sai ƙafa ta ɗauke. Ba ta yi kuka a gabana ba, karatu ta kama. Ta shiga jami'a ta karanci ilimin kwamfuta, kuma da lokacin aikinta na ƙarshe ya zo, ba ta yi shawara da kowa ba ta zaɓi wanga fanni: yadda na'ura ke kirdadon tafiyar abin da wani abu ya kare a cikin bidiyo.

Bara ta zaunar da ni a kan tabarma ta buɗe kwamfutarta. Ta ce bidiyo ba ruwa ba ne mai gudana, hotuna ne tsayayyu anka jera awa 'ya'yan carbi, masu yawa a cikin ƙiftawar ido. Na'ura na duba kowane ɗigo a hoto ɗaya, ta nemi inda ya koma a hoto na gaba, da haka take gane tafiya. Wahalar na zuwa in wani abu ya gitta, don ɗigon da take bi ya ɓace mata. Daga nan sai ta koma ga kirdado: da wane gudu abin ya shiga, ina ya dosa, ina ya ɓullo, kuma mi abubuwan da ke kusa da shi sunka yi. Na ce, "Ke, wanga ai lissafin kazata ne!" Ta ce, "Shi ne, Gwaggo, sai dai wanga ya sha boko."

Sai ta nuna mani abin da idona bai taɓa kamawa ba. A ƙarƙashin tirela, tsakanin tayoyi, akwai ɗan sarari da ake hango kwalta. A hoto kaza, farin nono ya fantsama a wurin. Ta tsai da hoton nan, ta sa na'ura ta zana inda kowa ya kamata ya kasance a daidai wannan lokaci. Zanen babur ɗin Malami na can baya, da sauran tazara mai yawa. Zanen farar mota na kan tsohuwa. Na ga ƙanena, ko da yake zane ne kawai mai launin toka, yana tahowa a hankali, yana rage gudu, yana tsayawa. Shekara bakwai ina jiran in ga wagga tsayawa. Na rungume kwamfutar mutane ina kuka.

Amma ɗiyar Malami ce, ba ta iya ƙari a magana. Ta ce, "Gwaggo, ki riƙe wannan. Na'ura ba ta gani ba, kirdado ta yi, kuma kirdado na iya kuskure. Ba zan ɗauki zane in ce ma duniya shaida ne ba. In na yi haka, mi ya raba ni da wanda ya ce a kan idonsa?" Na ji haushinta ranar, har na ƙi cin tuwo. Daga baya na gane gaskiyarta. Na'ura ba ta gani ba, ni ma ban gani ba. Mutum ɗaya ya gani, kuma yana nan da ransa, yana auna yadi.

Nakan tambayi kaina mi Malami zai ce da ya ga wanga zamani, da kyamara ke kowane kanti, waya ke kowane hannu, har na'ura ta koyi leƙa bayan tirela. Na san zai yi mamaki, ya ce a sake kunna mashi. Amma akwai abin da zai fi ba shi mamaki, kuma zai ƙona mashi rai. Yau in mutum ya faɗi a titinmu, 'yan kabu-kabu ratse shi suke yi. Na ji da kunnena wani na ce ma ɗan'uwansa a ƙofar gidanmu, "Kul ka tsaya, ka manta Malami?" In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Ke nan Alhaji ba ƙanena kaɗai ya kashe ba, har da birkin mutanen unguwa. Na san kuma Malami zai ce, "Yaya, bar ma Allah." To ai Allah na bar ma, shi ya sa ban yafe ba. Wanda ya yafe ya janye ƙara.

Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne, Alhaji zai sake tafiya Makka. Kun san al'adarmu, maniyyaci kan bi gida-gida yana neman yafiya. Shi bai iya tako zaurenmu ba, sai ya aiko uwargidansa da goro da turare. Ta zauna a bakin tabarma tana kallon ƙasa, ta ce, "Alhaji ya ce a yafe mashi abin da ya yi da saninsa da wanda bai sani ba."

Na ce, "Hajiya, wanda bai sani ba na yafe, har da na kajinsa da ke shigo mani gida. Na saninsa fa, wane ne daga ciki? Ya faɗi sunansa mu ji."

Ta ce, "Haba Yaya, ai abu ya wuce. Shekara nawa?"

Na ce, "Takwas. Motarku ta dawo daga gyara?"

Ta tattara mayafi. Na mayar mata da goronta, na ce ta gaya mashi sharaɗina guda ne, kuma ba tsada. A bainar jama'a ya ɗaura ma ƙanena kisan kai, a bainar jama'a zai kwance. Ya tsaya a ƙofar masallacin layinmu bayan La'asar, ya ce, "Malami bai kaɗe ta ba, ɗaga ta ya tsaya yi." Ban ce ya kama sunan ɗansa ba, wannan tsakaninsu da dangin tsohuwa ne da Mahaliccinsu. Kalma goma kawai nake bi. In ya faɗe su, wallahi kafin ya sa takalmi na yafe.

Sati biyu ke nan, kullum bayan La'asar ina zaure, kunnena na masallaci. Ina jin sallamar liman, ina jin jan takalma, ina jin takun Alhaji, don na san shi, yana jan ƙafar hagu. Yakan ɗan tsaya a bakin ƙofa, sai in riƙe numfashi. Sai ya wuce. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma na ji kwikwiyon ya fara cizo, don da can ba ya ko tsayawa.

Mi ya rage na Malami bayan shekara takwas? Babur ɗinsa ya ruɓe a bayan ɗaki. Ya rage ɗiya wadda ta ƙi yin ƙarya ko don ta wanke ubanta, ban san gadon da ya fi wannan ba. Ya rage zanen toka na mutum yana rage gudu don wata tsohuwa da bai san ko sunanta ba. Ya kuma rage ni.

Alhaji, na san ana karanta maka jarida a shago. Jirginku ya kusa tashi. In ka hau shi da kalmomin nan goma a cikinka, to ka sani ranar da kake tsaye a Arfa cikin farin harami, ni ina nan Minanata da azumi a bakina, a kan buzun Malami, hannuna sama. Kai ka roƙa, ni in roƙa. Malamai sun gaya mana addu'ar wanda anka zalunta ba ta da shamaki. Can babu tirelar da za ta gitta.