Garkar da Ta Ƙi Shan Ruwa

Ƙauyenmu yana kudu da Tudun Wada, a kan hanyar Doguwa, inda gonaki ke ƙarewa dajin Falgore ya fara. A can na tashi, tun Turawa ba su tafi ba. Abin da na fi tunawa a gidanmu shi ne garkar kakata, mahaifiyar babanmu, wadda muke kira Iya. A bayan ɗakinta take, kewaye da dangar kara da ƙaya. Da ruwan farko ya sauka, Iya za ta sauko da ƙoƙunan irinta daga ragaya, ta shuka kuɓewa da yakuwa da rama, alayyafo a bakin magudana, gauta da barkono a tsakiya, kabewa kuma a gindin danga don ta samu abin hawa. Ɗaɗɗoya ba a shuka ta, da kanta take dawowa. Mu jikoki aikinmu tsince tsutsa da korar kaji. Daga garkar nan ake miyar gidan duk damina, abin da ya rage a yanka a shanya, ya kai mu rani.

Ko da damina Iya ba ta rabuwa da wuta a ɗaki, saboda danshin ƙasa da sauro. Bayan magariba, da mun suɗe kwanon tuwo, sai mu taru a bakin murhunta. Ta jefa ganyen ɗaɗɗoya a garwashi, hayaƙi mai ƙamshi ya cika ɗakin, ta jera mana masara a gefen wuta, sannan ta gyara zama. Tatsuniyoyinta yawanci na dariya ne. Amma akwai guda ɗaya da ta ba mu sau ɗaya tak, kuma ba wanda ya yi dariya.

A gefen ƙauyen akwai rugar wasu makiyaya da muka daɗe muna zaman lafiya da su. Uwar gidan, Dudu, ita ke kawo wa Iya nono da man shanu, ta koma da kuɓewa a ƙwarya. Ran nan da hantsi, wata karsana daga garkensu ta ɓalle ta keta dangar garkar. Kafin a ankara ta cinye alayyafon, ta tattake barkonon, ta tumɓuke kuɓewar da ta fara 'ya'ya. Babanmu ya tafi gaisuwar mutuwa Bebeji, babban namijin da ya rage a gida shi ne ƙanensa, Baffa Sale, saurayi mai ƙarfi da saurin fushi. Yana dawowa daga gona da adda a hannu ya ga ɓarnar. Bai kore ta ba. Ya bi ta baya ya sare mata agara. Har yau ina jin kukan dabbar nan. Ta faɗi a kan yaɗon kabewa tana shure-shure, jini yana bin kunyoyin garkar.

Buba, ɗan Dudu, wanda ke bin sawun karsanar, ya iso daidai lokacin. Ya ɗaga sandar kiwo ya sauke wa Baffa a tsakiyar kai. Baffa ya zube, jini ya rufe masa fuska, mata suka yi ta salati. Maƙwabta ne suka rirriƙe Buba suka fitar da shi, aka yanka karsanar a wurin kafin ta mutu. Iya ta daka wani ganye ta cusa a raunin ɗanta, ta ɗaure da tsumma.

Da magariba ta wuce, ba mu zaci za a yi tatsuniya ba. Baffa yana zaune a ƙofar ɗakinsa, kai a naɗe, yana wasa adda a kan dutse. Ƙarar tana shigowa har cikin ɗakin Iya. Sai ta kira mu, ta ce a bar ƙofa a buɗe. Ba masara ranar.

"To," in ji ta, "ga wata ta taso daga nesa, ta iso ƙofarku."

Muka amsa a sanyaye, "Ta shigo, mun ba ta tabarma."

Ta ce an yi wani mutum mai suna Nomau, yana da mata da 'ya ɗaya, Kyauta, da garka a bayan gida. Wata rana ya tarar da zomo yana cin yakuwarsa, ya jefe shi da fartanya, ya fasa masa kai. Ya binne shi a gindin kuɓewa. Da gari ya waye, kuɓewar nan ta wuce tsayin mutum, 'ya'yanta kamar ƙahon sa. Nomau ya tsaya yana kallo, ya ce a ransa, ashe haka ne.

Bayan kwanaki akuyar maƙwabcinsa ta leƙo ta danga. Ba ta ma ci komai ba. Ya jawo ta ciki ya yanke mata wuya a gindin kabewa, kabewar ta yi 'ya'yan da sai mutum biyu ke ɗauka. Daga nan sai jakin wani. Daga nan sai karen gidansa. Mutane suna zuwa kallon garkar Nomau, suna tambayarsa wane taki yake sawa, yana murmushi.

"Rannan," in ji Iya, ta rage murya, "wani matafiyi ya biyo, rana ta dake shi, ƙishi ya kama shi. Ya miƙa hannu ya tsinki gauta ɗaya. Ɗaya, jikokina. Nomau ya fito da adda. Mutumin ya ce, don Allah ka yi haƙuri, ƙishi ne. Nomau ya ce, shuke-shuken nan ma ƙishi suke ji. Ya sare hannun da ya tsinki gautar, sannan ya sare wuyan."

Ƙanwata ta ɓoye fuska a zanen Iya. A waje adda tana ta kuka a kan dutse.

Ta ce tun daga ranar garkar ta daina shan ruwa. Sama za ta zubo kamar da bakin ƙwarya, gonakin kowa su yi shar, amma a garkar Nomau ruwan sai ya kwanta a kan ƙasa ya ƙi shiga. Ganyaye suka yi laushi. Dabbobi kuma sun gane wurin, ko ƙadangare ba ya bi ta nan. In Nomau ya shiga, sai ya ji ganyayen suna waƙa. Iya ta rera ta da wata siririyar murya da ban san tana da ita ba:

"Nomau, Nomau mai garka,
Ruwan sama bai ishe mu ba,
Ba mu irin na jiya,
Ja, mai ɗumi, irin na jiya."

Matarsa ta yanka kuɓewa za ta yi miya, ta ga jini yana bin wuƙar. Ta ce, "Malam, mu bar gidan nan." Ya ce ba inda za shi, wa zai bar wa garka irin wannan? Yaɗon kabewa ya fara ketare danga yana shigowa tsakar gida, yana shaƙe kaji ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya Kyauta ta fito da tulu, yaɗon ya naɗe mata ƙafa, ya ja ta ƙasa. Ta ƙwalla ihu, "Baba!" Nomau ya fito a guje da adda, ya kai wa yaɗon sara da duk ƙarfinsa. Amma hannun ya riga ya saba da nama. Addar ta kauce wa yaɗon ta sauka a ƙafar 'yarsa, ta raba ta da jikinta. Ƙasa ta shanye jinin nan take, duk ganyayen suka miƙe tsaye.

Uwar ta saɓi 'yarta ta gudu, ba ta waiwaya ba. Nomau ya faɗa cikin garkar kamar mahaukaci yana sara, yana zagi. Yaɗo ya kama hannunsa na dama, wani ya kama na hagu, wani ya naɗe wuya. 'Ya'yan kuɓewa suka sunkuyo suka huda shi kamar tsinin mashi. Da maƙwabta suka iso, ba su tarar da komai ba sai hularsa. Suka tara kara suka cinna wa garkar wuta, hayaƙin yana warin ƙonannen nama, gari duka aka kasa cin abinci ranar.

"Nan ta tsaya," in ji Iya. "Na ɗaure mata ƙafa kada ta bi ku shimfiɗa. Ku tashi ku kwanta."

Ni a ɗakinta nake kwana. Da asuba hayaniya ta tashe ni, na ga shimfiɗarta ba kowa. Na leƙa. Iya tana tsaye a bakin zaure, ta tare ƙofar, taɓarya a hannunta. Baffa Sale yana gabanta da adda, tsumman kansa ya jiƙe ya yi baƙi.

"Iya, ki ba ni hanya."

"Ina za ka?"

"Kin sani."

"Na sani. Koma ɗaki, Sale."

"A gaban mata da yara ya fasa mini kai, Iya. A cikin gidan ubana. Da wane ido zan shiga kasuwa?"

"Da idon da ka kalli dabbar da ba ta san danga ba ka sare ta. Garkar tawa ce. Na ce maka ka rama mini?"

"Wallahi yau sai na kwantar da shi."

"To, sai dai ka fara da ni."

Bai taɓa ta ba, ko a wannan halin ba zai iya ba. Ya karkata zai raɓa ta gefenta ya wuce. Iya, tsohuwar da sai ta dafa bango take miƙewa, ta ɗaga taɓaryar da hannu biyu ta sauke masa a tsintsiyar hannu. Na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Addar ta faɗi. Baffa ya durƙusa yana riƙe da hannun. Iya ta shure addar gefe, ta zauna daɓas a ƙasa, ta jawo kansa ta ɗora a cinyarta, sai ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin ta tana kuka ba sai ranar. Tana kukan ta ce da mahaifiyata, "A kira maɗori."

Da babanmu ya dawo aka kai maganar gaban dagaci. Aka yanke cewa gidanmu zai biya karsanar da hatsi in kaka ta yi, su kuma su ɗauki jinyar kan Baffa. Aka yi musafaha, amma abin bai koma yadda yake ba. Dudu ba ta sake sallama a ƙofarmu ba, da ruwa ya ɗauke kuma suka tayar da rugar suka nausa can cikin Falgore. Iya ta sake shuka yakuwa da alayyafo, su kaɗai za su iya kamo damina. Shekarar nan miyar kuka muka sha har muka gaji. Hannun Baffa ya ɗoru, amma a karkace.

Na daɗe ina ɗauka cewa don Baffa Iya ta ba da tatsuniyar nan, kuma ta faɗi a banza, tunda taɓarya ce ta tsayar da shi. Bayan na yi aure a Kiru, na haifi nawa, Iya ta daɗe da rasuwa, na je gida na tarar da Baffa ya tsufa, yana zaune a inuwa jikoki na hawa kansa. Na tambaye shi ko ya riƙe Iya a zuciya.

Ya yi dariya. "Riƙo? 'Yata, da ta bar ni na fita, da a igiya zan ƙare, Dudu kuma ta binne ɗanta. Kullum ina yi mata addu'a."

"Amma ka ji tatsuniyar da ta ba mu ranar?"

"Wace tatsuniya?"

Na ba shi a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai. "Wallahi yau na fara jin ta. Ranar nan ko ganga aka buga a kunnena ba zan ji ba."

A hanyar komawa na yi ta juya maganar. Iya ta san ɗanta. Ta san wanda zuciya ta riga ta ɗauka ba ya jin labari, shi ya sa ta kwana da taɓarya a kusa. Mu ne muka ga jini da hantsi, mu ne muka ga yadda babba ke yi in an ɓata masa rai, kuma a cikinmu akwai yara maza da wata rana za su riƙe adda. Ba ta so mu kwanta da wannan darasin shi kaɗai ba. 'Yan uwana maza duk sun girma sun yi noma a bakin daji, shanu sun sha shiga gonakinsu, an yi cacar baki, an je gaban dagaci. Ba wanda a cikinsu ya taɓa zubar da jinin dabba ko na mutum a kan shuka. Babban cikinsu ya taɓa gaya mini cewa akwai ranar da ya ɗaga hannu, sai ya ji waƙar ganyayen nan a kunnensa, ya sauke.