Na Auna Kaya, Ashe Jirgin Babu

Litinin: Romi zuwa Abuja

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na ja ƙofata a Romi, jaka ɗaya tal a hannuna. Mace za ta wankan jegon 'yarta ta fari da jaka ɗaya, kamar mai zuwa kitso maƙwabta! Bari in ba ku labarin daga tushe, matan zumunta, tunda kun hana ni sakat da tambaya.

'Yata Rifkatu malamar makaranta ce a wani gari can gabas, gaba da Wukari. Ba zan kira sunansa ba, kada a ce Saratu ta zagi gwamnan mutane. Likita ya ce jaririyar ta kwanta a gicciye, sai an yi aiki, ya sa ranar Talata ƙarfe takwas na safe. Mijinta soja ne, yana daji inda ko sabis babu. Kafin ya tafi ya saya mini tikitin ƙaramin jirgin da ke tashi daga Abuja zuwa garinsu, tafiyar awa guda. Gwamnatinsu ta cika rediyo da alkawari, wai ko fasinja biyu ne jirgin nan sai ya tashi, ita za ta biya kujerun da ba kowa. Na ce wa Rifkatu, "Kwantar da hankalinki, hannuna za ki riƙe har ƙofar tiyata." Ta ce, "To Mama, hoto dai ya nuna mace ce. Kin yi takwara."

Tikitin ya ce kaya kada su wuce kilo goma sha biyar. Sati biyu ina jigila tsakanin gidana da shagon Oga Emeka mai sayar da gas a Sabon Tasha, ina ɗora jaka a sikelinsa.

"Mama, ashirin da shida. Cire wannan dutse."

"Ba dutse ba ne, acca ce."

"Jirgi bai san acca ba, Mama, kilo ya sani."

Haka na yi ta cirewa. Accar da kuka tara mini ta sauka, galan ɗin manja ya sauka, busasshen kifi da citta suka bi. Babbar tukunyar da na dafa ruwan jegon haihuwar Rifkatu kanta, ita ma na jingine ta a bayan ƙofa. Ranar da sikeli ya tsaya daidai har guɗa na yi a shagon gas.

Motar Abuja ta cika shida saura kwata. A Kakau muka tarar da shingen farko, aka leƙo, direba ya miƙa hannu kamar mai gaisuwa, aka ce Allah ya kiyaye. Kilomita ɗari da tamanin da 'yan kai muka ci, tara da minti ashirin ina Abuja, goma saura kwata tasi ya sauke ni a filin jirgi.

Filin jirgi

Wata yarinya ce a teburin kamfanin, farcenta kamar cokali. Ta karɓi takardata da yatsu biyu.

"Mama, ai mun daina zuwa can tun watan jiya."

"Kun daina me?"

"Zuwa. Fasinja ba su da yawa, gwamnatinsu kuma ta daina biyan kujerun. Mun tura saƙo ta imel."

"Wa kuka tura wa?"

"Wanda ya sayi tikitin."

Wato sojan da ke daji! Na ce, "Yarinya, gobe za a yanka 'yata. Ina alkawarin fasinja biyu? Ga ni ɗaya, ki nemo ɗayan." Wani dattijo a bayana ya ɗaga hannu ya ce shi ne na biyun, ga tikitinsa, shi ma bai ga imel ba. Yarinyar ta ce mu cika fom. Na tambayi ko akwai babba a ofis, aka ce yana mitin. Ban taɓa jin an ce wani babba a ƙasar nan yana kan kujerarsa ba, wallahi.

Ga jirage can suna ta tashi, na Legas kamar ƙudaje. Mu ne dai garinmu bai kai a sauka ba. Na sayi ruwa gora ɗaya a kuɗin buhun fiya wata, na zauna a kan jakata mai kilo goma sha biyar, na kira Rifkatu. Ta ce, "Ba komai, Mama, ki zo a hankali." Ni na haife ta, na san wannan muryar. Tsoro ne ya cika ta.

Abuja zuwa Makurɗi

Motocin gabas sun tashi tun safe, ta Makurɗi kawai na samu, ita ma sai ɗaya da rabi ta cika. Direban ya dubi jakata ya ce, "Mama, ina sauran kayan?"

"Su ke nan."

"Haba! Ko akuya kika kawo zan ɗaure miki a sama."

Na ɗaga kai na ga buhunan doya uku da katifa da injin markaɗe a kan motar. Na tuna tukunyata a bayan ƙofa.

Keffi, Akwanga, Lafiya, shinge goma sha ɗaya na ƙirga kafin na gaji. A Lafiya na ci shinkafa da miya wadda naman cikinta sai da na nemo shi da cokali. Bakwai saura kwata muka haye gadar Makurɗi. Babu direban da zai bi hanyar Wukari bayan faɗuwar rana, sai na kwana a masaukin baƙi na wata coci, ɗaki mai tsabta, sauro kuwa ba a magana.

Talata: Makurɗi zuwa can

Shida daidai muka tashi. Takwas ta buga muna bayan Gboko, taya ɗaya a cikin rami, maza suna turi. Na kira wayar Rifkatu, wata muryar ta ɗauka.

"Mama, ni ce Ladi, maƙwabciyarta mai tuyar ƙosai. Yanzu aka shiga da ita."

Na tsaya a bakin titi ina addu'a da ƙarfi, ban damu da masu kallo ba. Tara da rabi Ladi ta sake kira: uwa lafiya, jaririya lafiya. Na durƙusa a cikin mota, wata Bafulatana kusa da ni ta riƙe mini kafaɗa tana cewa barka.

Wukari sha biyu saura, shiga gari huɗu da rabi. Hanyar ta bi ta gefen filin jirginsu. Ciyawa har ƙugu, awaki suna kiwo a jikin waya, ga ƙaton allo da fuskar wani yana murmushi, an rubuta an haɗa jiha da duniya. Can ciki kuma wani ɗan farin jirgi fes a ajiye. Direba ya ce na manya ne, jiya ya kawo su biki. Ashe filin yana aiki, mu ne ba ma aiki.

A asibiti na tarar da Ladi ta rufe tuyarta tun jiya, ta kwana a benci, ta sa hannu a takardar likita, ta yi wa jaririya wankan farko. Na gode mata har ta ji kunya. Ruwan jego ma a tukunyarta na yi ta dafawa.

Ana gobe suna Rifkatu ta ce, "Mama, zauna mu yi magana." Ba ta iya kallona ba. "Da ake tura ni a gadon nan na miƙa hannu, na Ladi na samu. Ina so yarinyar ta ci sunanta."

Na ce, "Daidai ne." Kuma daidai ɗin ne. Amma sai da na zagaya bayan gida na yi kuka mai isata.

Dawowa

Da na gama arba'in na biyo hanyar da na je, kwana biyu cur, na sauka Romi ranar Asabar ƙarfe biyar na yamma. Na gode wa Ubangiji da ya tsare uwa da 'ya, na gode wa Ladi, na gode muku da addu'a. Masu alkawari a rediyo kuwa, Allah ya ba su irin jirgin da suka ba ni.

Ina tura ƙofa ta bugi tukunyata, tana nan inda na bar ta, accarku a gefe ƙwari sun fara shiga. Washegari bayan sujada na bi ta gaban shagon gas, Oga Emeka ya hango ni ya taso da murna.

"Mama jirgi! Yaya sama? Yaya ƙaramar Saratu?"

Na ce, "Ladi sunanta."