Saƙon da Na Kai wa Kawu a Ƙetaren Kogin Weme

Laraba: daga Zongo zuwa Ajohun

Ana idar da sallar asuba na fito da kekena daga shago, gari bai waye ba. Jiya da yamma muka binne Inna Rabi, matar Kawu Ɗanjuma, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami. Zazzaɓin kwana biyu ne ya yi ajalinta. Shi kuwa Kawu yana can ƙetaren kogin Weme, yana bin rugagen Fulani yana cinikin shanu kamar yadda ya saba kowane rani, a inda waya ba ta shiga. An buga, an buga, shiru.

Ni aka zaɓa, don gyaran keke ne sana'ata a Zongon Kwatano. Kuma tun ranar da wani ɗan zemijan, mai haya da babur, ya kayar da Kawu a unguwar Ganhi ya karya masa ƙafa, ya rantse ba shi ba babur. Duk wanda zai dawo da shi, sai dai a kan keke. Liman ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci.

"Habu, ka ce masa jikinta ya yi tsanani, tana nemansa. Iyakar maganarka ke nan. Ba a faɗa wa dattijo mutuwa a daji. Ka kawo mana shi, sauran aikin namu ne."

Na ce to. Faɗin to ba shi da wuya.

A tashar Tokpa direba ya dubi keken ya ce, "Wannan ma fasinja ne, ka biya masa." Na biya sefa dubu biyu nawa, ɗari biyar na keke, aka ɗaure shi a saman mota. Muka wuce Porto-Novo rana tana fitowa. Kafin Dangbo ɗan sanda ya tsayar da mu, ya karɓi katin shaidata ya duba.

"Kai ne mai keken? Ga mota, me za ka yi da shi?"

"Shi zai kai ni inda motar ba ta zuwa."

Ya yi dariya ya miƙo mini katin. Da hantsi muka sauka Ajohun. Mai kwalekwale ya kwantar da keken a tsakiyar jirgi tsakanin kwandunan barkono, ya ƙetarar da mu.

Ƙetaren kogi

Daga nan sai hanyar burji, ja, ƙasa a shimfiɗe ba tudu ba gangare. Kogi a hannun dama, yana ɓoyewa bayan kwakwar manja yana sake fitowa. A hagu gonakin kuɓewa da masara, da wasu dogayen ramuka da mutanen wurin ke haƙawa don kifi ya maƙale in ambaliya ta janye. Ba mota, ba ham, ba hayaƙi. Wanda ya tashi a Kwatano, inda zemijan ke goge maka gwiwa ya kuma zage ka, in ya samu hanya irin wannan ya kamata ya yi ta tuƙi yana waƙa. Ni kuwa shirun ne ya dame ni. Babu abin da nake ji sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, da maganar Liman da nake ta maimaitawa don bakina ya saba da ita. Duk lokacin da na kai kan "tana nemanka" sai in koma farko.

A ruga ta farko suka ce shekaranjiya ya kwana a wurinsu. Ta biyu suka ce ya yi gaba. Tsakanin ta biyu da ta uku ƙaya ta huda mini tayar baya, na zauna na yi faci. Ina son in same shi, ina kuma addu'ar kada in same shi.

Dab da magariba na isa wani ƙauye, na tarar da wani mahauci mutumin Gaya, Isa, yana tattara tukubarsa. Ya ba ni masauki, matarsa ta aiko da akasa, wato agidin masara, da soyayyen kifi. Ya ga ina juya abincin ban ci ba.

"Baƙo, lafiya kuwa?"

Na faɗa masa komai. Ashe wanda ba ka sani ba ya fi sauƙin faɗa wa gaskiya.

"Dattijon nan mai baƙin keke? Yana rugar Arɗo, nan gaba kaɗan. Amma kada ka je yanzu. Zai ce sai ya kama hanya, kuma babu mai ƙetarar da ku da duhu. Bari gari ya waye."

Alhamis: daga ruga zuwa bakin ruwa

Na same shi da sassafe yana tattaɓa kwiɓin wani farin bijimi. Da ya hango ni sai hannunsa ya tsaya.

"Habu? Me ya kawo ka nan?"

Na durƙusa na gaishe shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, saboda haka kacar kekensa na zuba wa ido na faɗi abin da aka aiko ni.

"An kai ta lopital?"

"An kai ta asibitin, Kawu." Wannan kam gaskiya ce.

Ya bar cinikin a inda yake. Matar Arɗo ta kawo ƙwaryar nono, ko kallonta bai yi ba. Ya ɗaure buhunsa a kariya ya hau.

Daga rugar zuwa mashigar jirgi tafiyar kilomita talatin ce ko kusa da haka. Kawu ya haura saba'in, yana da hawan jini, ga ƙafar da ta taɓa karyewa. Amma wallahi ni da nake rabin shekarunsa da kyar nake bin ƙurarsa. Rana ta ɗaga, irin ta bakin kogi mai dafa mutum cikin rigarsa.

"Kawu, mu tsaya mu sha ruwa."

"Ka sha, ka iso ni."

Yana tuƙi yana lissafi a fili: in muka samu jirgi kafin azahar za mu samu mota, in muka samu mota zai gan ta kafin la'asar. Can ya juyo ya ce, "Innarku ba ta taɓa aiko a kira ni ba, ko ranar da za ta haihu. In ta ce tana nemana, akwai abin da take son faɗa mini." Ya ƙara danna feda.

A wani wuri yashi ya rufe burjin, tayarsa ta gaba ta nutse, ya faɗi. Kafin in sauka ya miƙe, gwiwarsa tana jini, ya sake hawa. Yanzu numfashinsa nake ji daga baya kamar zugar maƙeri, keken yana tangaɗi daga wannan gefe zuwa wancan. Raina ya ɓaci, da Liman, da al'adar, da ni kaina. An ɓoye masa ne don kada labarin ya kayar da shi a daji, ga shi ɓoyewar ce za ta kashe shi a daji. Gaba kura, baya siyaki. In na yi magana na karya umarnin manya, in na yi shiru gawa ta biyu zan kai Zongo.

Na taka da ƙarfi na wuce shi, na gicciye kekena a tsakiyar hanya.

"Ba ni hanya, Habu."

"Kawu, ka sauka. Babu sauran gaggawa."

Ya dube ni, yana haki.

"Inna ta rasu ran Talata. Mun binne ta kafin magariba."

Ya sauke ƙafafunsa ƙasa, hannuwansa suna nan a kan keken. Sannan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya jingina keken ya zauna a gindin kwakwa. Ni ne na yi kukan, shi bai yi ba. Ya tambayi wadda ta yi mata wanka, da gefen maƙabartar da aka sa ta. Na miƙa masa gora, wannan karon ya sha.

"Liman ne ya ce ka ɓoye?"

"Shi ne, Kawu."

"Haka ake yi. Ni ma na yi wa wasu."

Ya gangara bakin kogi ya wanke gwiwarsa, ya yi alwala, ya yi mata addu'a mai tsawo. Da muka sake hawa, a jere muka tafi, a hankali, har mata masu ɗauke da itace suna gaishe mu muna amsawa. Sauran hanyar duk labarinta yake ba ni, yadda ya fara ganinta tana tuyar masa, da yadda take masa faɗa a kan yawon daji.

Komawa Zongo

Muka ƙetare bayan azahar, muka samu mota, direban ya caje mu kuɗin keke biyu ba ragi. Tun daga Porto-Novo nake tunanin da wane ido zan dubi Liman.

Dab da magariba muka iso. Liman da dattawa suna jira a ƙofar masallaci, don kada Kawu ya fara hango tabarmin zaman makoki a ƙofar gidansa. Suka zaunar da shi, suka yi masa barka da hanya, suka tambayi shanu da Fulani. Sannan Liman ya soma nasiha a kan haƙuri, yana kewayawa yana matsowa, har ya kai ga maganar. Kawu ya sunkuyar da kai ya saurari komai bai katse shi ba. Da aka faɗa, ya yi salati kamar yanzu ya fara ji.

Liman ya juyo gare ni. "Habu, Allah ya yi maka albarka. Ka riƙe amana."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji hannun Kawu a kan gwiwata, ya matsa da ƙarfi.

"Ya riƙe, Malam," in ji shi. "Ya kawo ni da raina."

Allah ya saka wa Isa mahauci da iyalinsa, ya jiƙan Inna Rabi. Na gode wa Allah da ya sa a ranar nan mu biyu muka shigo Zongo, kowa yana tura kekensa.