Ranar da Na Zama Maƙwabcin Ubana

Bana shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba, kuma har yau ba na iya zama wuri ɗaya in na tuna shi. Wasu in sun tuna iyayensu sai su yi addu'a su ji sanyi. Ni addu'ar ina yi, sanyin ne ba ya zuwa. Sai in tashi in zaga gida, in leƙa rumbu ba dalili, in yi wa awaki faɗa. Jikokina sun san watan, suna cewa tsoho ya fara. Bana abin ya fi na kullum, kuma zan faɗi dalili.

Ƙauyenmu yana tsakanin Illela da Konni. Baba manomi ne kamar kowa, amma Allah ya ba shi idon zaɓen iri. In an yi girbi mutane sukan kira shi ya duba dammunansu, ya zare zangarniyar da ta cancanci a ajiye don baɗi. Yana yi wa kowa, bai taɓa ƙi ba. Sai dai irin gidanmu, wanda ya gada wurin ubansa, ko ƙwaya ɗaya ba ta fita waje. An roƙe shi, an yi masa ba'a, ya ce kowa ya riƙe nasa.

Ni ne ɗansa na fari, kuma ni kaɗai ne namiji. Yaran yanzu ba za su gane abin da wannan ke nufi ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa cewa "ɗana" ba. In yana nemana sai ya ce da ƙannena mata, "Ina wancan?" In baƙo ya tambaye shi ko ni nasa ne, sai ya dubi wani wuri ya canza magana. Alkunyar ɗan fari ce, na sani, haka aka yi masa shi ma. Amma sanin bai hana ta yi mini ciwo ba.

A shekarun farin nan da dabbobi suka ƙare, ciwon yana ya rufe masa ido biyu. Mutumin da ke gane zangarniya mai kyau daga nesa ya koma lalube bango. Wani malamin asibiti da ke zagaya ƙauyuka ya duba shi, ya ce ana cire yanar a babban asibiti, kuma gwamnati na yi wa tsofaffi marasa hali kyauta in sun kawo takarda daga buro, wato ofishin hukuma. Sharaɗi uku ne. Tsoho ya wuce shekara sittin a takardar ƙidaya. Ba shi da dabbobi. Ba shi da ɗa namiji babba da zai ɗauki nauyinsa. Na farko furfura ta cika shi, na biyu fari ya riga ya cika mana. Na uku kuwa ni ne, ƙato mai mata da ɗiya, wanda rumbunsa babu ko abin da kaza za ta tsattsaga.

Na ja shi da sanda muka je buro. Malamin da ke rubutu ya yi tambayoyinsa har ya zo kan ta ƙarshe.

"Baba, kana da ɗa babba da ka iya riƙon ka?"

Malamin ya nuna ni da alƙalami.

"Wanga da ya jawo ka hwa?"

Sai Baba ya juya fuska wajen bango, kamar yadda ya saba yi wa baƙi. Na sunkuya na raɗa masa, "Baba, ka ce a'a. Kalma guda ta." Ya miƙe ya ce in ba shi sandarsa.

A hanya, ƙarƙashin wata aduwa, zuciya ta ɗebe ni, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, tun da anka haihe ni ba ka taɓa cewa ni naka na ba. Yau da rashin hwaɗin zai amfane ka, yau ka ƙiya?"

Ya tsaya da tafiya. Sannan ya ce, "Kai, rashin hwaɗi daban, musu daban. Ban hwaɗi ba don kowa ya sani. In na musa gaban hukuma, ina za ni in maido shi?"

A lokacin taurin kai na ɗauke shi. Na ji haushi ƙwarai, har na kwana biyu ina kai masa fura ba tare da na zauna ba.

Daga baya na ji cewa akwai wata ƙofa. In tsoho bai iya zuwa ba, maƙwabta biyu na iya shaida cewa ba shi da kowa. Na lallashi Nomau, wani abokin Baba, muka koma buro ranar kasuwa, ranar da mutane suka yi yawa. Mai rubutu bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Mi kake gare shi?" Na ce, "Maƙwabci." Ya turo tawada na dangwala babban yatsana. Da na dawo na ce wa Baba an sassauta doka, yanzu shekaru kawai ake dubawa. Ya ce Alhamdu lillahi.

Aka yi aiki. Takardar ta ɗauki nauyin ido ɗaya ne kawai, da gado, ban da abinci, ban da tabarau. Dangi suka haɗa hannu aka samo masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da ya sa shi ya dubi hannuwansa ya yi dariya, ni kuwa na fita waje na share hawaye. Na ce a raina ko me na yi, ga sakamakonsa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne asibiti za su mayar masa da takardar. Baba ba ya karanta Faransanci, don haka ban damu ba. Wata safiya na same shi a zaure ya shimfiɗa ta a gwiwa, ya kawo ta dab da idon nan mai gani. Ba rubutun yake duba ba. Yatsu biyun da ke ƙasa yake duba. Ina da shekara bakwai lauje ya yanke ni a babban yatsa, shi da kansa ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure mini. Tabon ya fito a tawadar, farin layi ya ratsa baƙi. Ya naɗe takardar ya fita. Na ji daga baya gidan Nomau ya je, kuma Nomau ba ya iya ƙarya sau biyu.

Washegari na durƙusa gaishe shi. Ya ce, "Maƙwabci, an tashi lahiya?"

Bai zage ni ba, bai ɗaga maganar ba, ko sau ɗaya. Shekara uku ya ƙara a duniya, da wannan suna yake kirana, a gida da cikin mutane. Gari ya ɗauka. Har yau Maƙwabci ake ce mini, jikokina ma sun zaci shi ne sunan yanka. Kuma har yau ban yanke ba, horo ne ya yi mini, ko kuwa ya samu sunan da bakinsa zai iya furtawa ne ya riƙe. Wata rana in ce wannan, wata rana in ce wancan.

Da zai dawo yau, da ya sha kallo. Uba ya ɗauki ɗan fari a kafaɗa yana kiran sunansa a tsakiyar kasuwa. Aikin ido a shiga da safe a fito da rana. Amma in ya leƙa takardun da ake cike wa tsofaffi, ina jin zai ce wannan kam ya san ta. Har yanzu sai ka nuna ba ka da kowa kafin a ga ka cancanci taimako, kamar samun ɗa talaka wata dukiya ce.

Ga dalilin da na ce zan faɗa. Yanar nan ta kama idona na hagu, na dama ma ya fara hazo. Watan jiya aka zo rubuta tsofaffi don katin magani. Ɗiyata ta fari, wadda ba zan rubuta sunanta ba ko a nan, ita ke riƙe da ni da ɗan cinikin albasarta tun da mijinta ya rasu. Muna cikin layi ta sunkuyo ta ce, "Baba, in sun tambaya ka bar ni in yi magana. Cewa za ni yi maƙwabciyarka ta." Ba ta san tushen sunana ba, ban taɓa gaya mata ba.  Da aka zo kaina, mai rubutu ya nuna ta ya ce, "Wagga hwa?" Na riga ta. Na ce, "Ɗiyata ta. Ta hwari." Ban taɓa faɗin haka ba tun da aka haife ta. Ya rubuta, ya ce bai sani ba ko wannan zai hana, za a sanar da mu. Ita kuwa fushi take yi da ni, ta ce na jefar da idona don kalma guda. Tana da gaskiya. Ni ma ina da ita a ƙarƙashin aduwar nan, kuma da za a mayar da ni buro, ban rantse ba zan sake dangwalawa ba.

Idon da na sayo masa da ƙarya ya yi aikin girbi uku ya koma ƙasa. Tabarau yana cikin akwatina, hannu ɗaya ya karye. A girbinsa na ƙarshe ya kira ni bakin rumbu, ya miƙo mini damin da ya zaɓa da kansa. Ya ce, "Maƙwabci, riƙe wanga." Na karɓa. Ya dubi bango, sannan ya ce, "Irin gidanmu na. Ban taɓa ba maƙwabci ba."

Shi na shuka bana, da lalube. Allah ya jiƙan Malam Garba.