Baturen da Ba Shi da 'Yan Amshi

Matso kusa, ja tabarmar nan ki zauna, kai ma da ke tsaye bakin ƙofa shigo daga ciki, in ba ku labarin wani Bature mawaƙi da ban taɓa gani ba, ban iya faɗin sunansa ba har yau, amma na san faifan da ya yi yana fama da mura.

Ni dai ba mai yawo ba ce. In ka cire biki da gaisuwar mutuwa, sai in yi wata biyu a nan Anka ban leƙa ƙofar gida ba, kuma ba wanda ya hana ni, ni ce ke son tsakar gidana. Boko aji uku na yi na tsaya. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Ina cikin madafa nake gane babur ɗin maigidana cikin babura goma. Gado na yi wurin Baba, don shi shekara talatin ya yi yana amshi a bayan wani makaɗin noma a Gummi.

A shekarun da aka yi ta kwashe ƙasa a ƙauyen Dareta da ke nan yankinmu saboda gubar dalma, ƙanena ya samu aikin tuƙa baƙin da suka zo taimako. Da za su tafi, wata Baturiya ta bar masa memori na waƙoƙi. Shi kuwa ba ya jin komai sai na Indiya, sai ya kawo mini, haɗe da ɗan rediyon nan mai cin memori. Ya ce faifai huɗu ne a ciki, duk muryar mutum ɗaya. Na farko ya yi shi ne tare da ƙungiyarsu, sauran ukun bayan ya ware ya koma shi kaɗai.

Na farkon ban kai rabi ba na kashe. Ganguna kamar ana rushe ɗaki, jita tana kuka kamar injin niƙa ya ci dutse, shi kuma yana ƙoƙarin ɗaga murya sama da su. Kajina har da gudu. Amma da na shiga na biyun, inda ya rage daga shi sai jitarsa, sai na tsaya da tankaɗe a hannu. Muryar ba mai zaƙi ba ce, tana da ɗan kaushi kamar ta wanda ya tashi daga barci, amma tana kama zuciya. Ina jin yatsunsa suna zamewa a kan tsirkiya, ina jin ya ja numfashi, har kujerar da yake zaune ina jin ta yi ƙara.

Ba na jin Turanci ko na sayen gishiri, don haka ni na raɗa wa waƙoƙin suna. Akwai ta wanke-wanke, akwai ta bayan la'asar, akwai wadda nake kira ta rigima don a cikinta kamar yana faɗa da wani da ba ya nan. Faifan da ya fara yi shi kaɗai, har yanzu yana ɗaga murya, irin mutumin da ya tashi daga babban gida ya koma nasa amma bai daina magana da ƙarfi ba. A na gaba ne murar ta kama shi, hancinsa a toshe, komai a hankali. A na ƙarshe ya ƙaro fiyano, kuma a ƙarshen wata waƙa ya yi 'yar dariya. Na ce wa maigida, "Wallahi wannan aure ya yi." Ya ce, "To Allah ya ba su zaman lafiya, ke dai miƙo mini ruwa."

Abu ɗaya ne ya dame ni. In ya faɗi layi sai ya yi shiru, jitar kawai ke tafiya, sannan ya faɗi wani. A wurinmu wannan gurbin na 'yan amshi ne. Na ce oh, bawan Allah, ashe gudu suka yi suka bar shi, ga shi yana barin wurinsu ba mai cikewa. Tausayi ya kama ni. Tun daga ranar na ɗauki aikin. In ya yi shiru sai in ce, "Haka ne, ɗan mutane, haka ne." In waƙar rigima ce in ce, "Ka yi haƙuri, ƙyale su." Na shekara fiye da biyu ina yi masa amshi kyauta.

To ana nan sai makaɗin da Baba ke bi ya rasu. Ƙungiyar ta watse, ɗaya ya tafi haƙar zinariya wajen Bukkuyum, ɗaya ya koma sayar da albasa. Inna kuwa ta daɗe da rasuwa. Muka ji labarin Baba ya koma zama a ɗaki shi kaɗai, ba ya fita majalisa, tuwo ma sai ya kwana a kwano. Mutumin da a da in yana alwala ma yana gunguni da waƙa. Na sa ƙanena ya je ya ɗauko shi da sunan za a duba masa ido a asibiti.

Ya zo, amma tun a zaure ya kafa sharaɗi. Kwana bakwai zai yi. Kun san dattijo da gidan suruki. In maigida ya shigo ta nan, Baba ya sulale ta can. In an kai masa abinci sai ya ci loma uku ya ture, wai kada a ce ya zo cinye hatsin mijin ɗiyarsa. Maigida ya durƙusa ya ce, "Baba, gidanka ne." Baba ya ce, "Allah shi yi albarka," ya ci gaba da kallon ƙasa. Ni kuwa na san in ya koma Gummi ya shiga ɗakin nan, ba lallai mu sake ganinsa a tsaye ba. Na yi masa fura da nonon da Bafulatanarmu ke kawowa, na yi masa miyar sure da yake so, na yi ta jansa da hira har bakina ya gaji, abin da bai taɓa faruwa ba. Amsarsa ba ta wuce "to" da "madalla".

Rana ta huɗu da hantsi ina gyaran wake, yana zaune a gindin darbejiya nesa kaɗan. Na manta da shi na kunna rediyona, na shiga aikina na amshi. Baturen ya faɗi layi, na ce, "Haka ne, ɗan mutane." Ya sake, na sake. Sai na ji daga bayana:

"Ke."

Baba ba ya kiran sunana, ni ce ta fari. Na ce, "Na'am, Baba."

"Mi kika yi haka?"

"Amshi nake yi masa. Ba shi da kowa."

"Amshi? Wanga shi na amshi? Mutum bai aje magana ba kin hau mishi bisa kai. Wa yak koya miki?"

Na ce, "Ai shiru ya yi."

"Lumfashi yaj ja! Maido ta baya."

Na maido. Ya jawo kujerarsa, ya karkata kunne. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama ya riƙe, Baturen ya yi shiru, na buɗe baki, ya harare ni na rufe. Muka bar shirun ya wuce, jitar ta ɗan sauka ta hau, sai ga layi na gaba ya faɗo daidai.

"Kin jiya? Ba wurin kowa na ba. Da gangan yab bar shi. Ƙwarya ta cika, shina bari ta lafa kahin shi ƙara." Ya girgiza kai. "Shekara nawa kina yi ma bawan Allah wanga ɓarna?"

Na ce biyu da wani abu. Ya ce, "Ki roƙe shi gahwara." Na yi dariya har wake ya zube. A raina kuwa godiya nake yi, don a kwana huɗu wannan ce doguwar maganarsa ta farko, ko da faɗa ce.

Ranar bai tashi daga wurin ba. Ya ce Baturen ya iya riƙe kiɗa amma yana cinye ƙarshen magana. Ya ce wanda ya yi da mura ya fi kyau, don a nan ne ya daina nuna gwaninta. Na ce a'a, na auren ya fi. Muka yi ta musu, yana cin gyaɗar da na ajiye kusa da shi bai ma lura ba.

Washegari muka shiga faifan ƙarshe. Akwai waƙa ta biyar, wadda ban cika so ba. Ana tsakiyarta Baba ya miƙe zaune.

"Tsaya. Wa as shigo?"

"Ba kowa, Baba, shi kaɗai ne."

"Mutum biyu na. Ga guda sama, ga guda ƙasa." Ya saurara kuma. Idonsa ya buɗe. "La ilaha illallahu. Duk shi na! Ya akai mutum shi amsa ma kainai?"

Ni da nake taƙama da kunne, shekara biyu ban kama wannan ba. Na kira ƙanena a waya, yana Gummi ya kai fasinja. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, mutum ya yi waƙa a naɗa, sannan a kunna masa ya bi ta da wata muryar. Na faɗa wa Baba. Ya dubi wayar da ke hannuna. Can ya ce, "Wayar taki tana naɗi?"

Tana yi. Na danna na ajiye a kan turmi. Baba ya gyara hula, ya yi kaki, ya sake gyara hula. Shekara talatin yana bayan mutum, kowace kalma ta maigidansa makaɗin tana kansa, amma bai taɓa jan waƙa da bakinsa ba. Da farko muryar ta fito siririya, tana rawa. Ya ja layi, ya bar gurbi. Ya ja wani, ya bar gurbi. Kafin ya kai tsakiya ta buɗe, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga da ludayi a hannu.

Da ya gama na kunna masa. Ya ji kansa, ya ɓata fuska ya ce, "Wanga tsoho shina sauri." Amma da gurbin farko ya zo, bakinsa bai jira izininsa ba. Ya faɗa ciki da amshi, da tafi, kafaɗa na motsi, daidai kamar yadda nake ganinsa a gona ina ƙarama. Maigida ya shigo da babur ya tsaya cak a bakin zaure. Baba ya gan shi sarai, bai sulale ba, sai ma ya yi masa alama da hannu ya kashe injin.

Ranar da kwana bakwai suka cika, ƙanena ya zo da mota tun da safe. Na haɗa wa Baba kayansa a buhu. Ya fito ya dubi buhun, ya dubi motar.

"Ina za ku da kayana?"

Ƙanena ya ce, "Gummi, Baba. Kai ka ce kwana bakwai."

"Waƙa huɗu kaɗai munka naɗa. Kun san nawa marigayi maigidana yab bari? In na tahi, wa ka danna min abin? Kai? Kai da ba ka jin komi sai na Indiya?" Ya juya wajen maigida, karo na farko ya dube shi ido cikin ido. "Ɗakin ga na zaure, rufin yana zuba?"

Maigida ya ce, "Yau za a gyara, Baba."

Damina uku ya yi tare da mu a ɗakin nan, kuma yana cin tuwonsa har ya nemi ƙari. Kowace hantsi sai mun fara da waƙa ɗaya ta Baturen, wai don a gaida mai sana'a, sannan a shiga naɗi. Ni an hana ni amshi kwata-kwata, aikina danna waya. Musunmu dai bai ƙare ba har ya koma ga Allah. Shi yana kan cewa mutumin da ke cikin wayar wani tsoho ne daban mai gaggawa, shi yana taimaka masa ne kawai. Ni na ce Baba, kai ne dai. To ku da kuka ji, ku raba mu: wanda ya ja waƙa ya dawo ya amsa wa kansa, mutum ɗaya ne ko biyu?